Masakin Inna Ɗelu da Yawun Masu Ƙaho

Tun ranar da Inna Ɗelu ta sauka a Kuala Lumpur hancinta bai huta ba. Daga Ringim ta taso, jirgi biyu, don ta yi wa autarta Hasanatu wankan jego a wani gida hawa na goma sha huɗu a unguwar Setapak. Abin da ya fara tarbar ta a bakin lif shi ne warin duriyan, wannan ɗan itace mai ƙaya da mutanen ƙasar ke rububinsa. Ta toshe hanci da mayafi ta ce lallai akwai mushe a ginin nan. Aka ce mata abinci ne. Ta shiga gida ta tarar da bayi a cikin ɗakin kwana, ƙofarsa na kallon gado. Ta leƙa taga ta ga maƙwabta sun shanya kamfai a kan sanda, saman kawunan masu wucewa. Ta juyo ta ce, "Hasana, a nan kike zaune shekara shida? Allah ya ba ki lada."

Abu ɗaya ta riƙo a hannu tun daga gida, ta ƙi yarda a jefa shi cikin kaya, har sai da ma'aikatan jirgi suka gaji da ita suka nema masa wuri: masakinta. Ƙwarya ce babba, ta yi ja don tsufa, da ɗinkin gyartai guda a bakinta. A ciki aka wanke Ɗelu tana jaririya, a ciki ta wanke 'ya'yanta bakwai da jikoki goma sha ɗaya, kowanne safe da yamma har ya cika arba'in. Kuma kowane wanka sai ta ɗebi ruwan da tafin hannu ta ɗiga wa jaririn a baki. Hasanatu ta ce likita ya hana wannan. Ɗelu ta ce likitan ya zo ya duba jikokin nata, ko akwai rago a cikinsu. Jaririya Hadiyya ce ta goma sha biyu, kuma Ɗelu ta ci alwashin ita ma sai ta cika arba'in ɗinta a masakin nan, ko da a bangon duniya aka haife ta.

Sai kuma surukinta, Mansur. Yaro mai ladabi, wannan ba a cewa komai. Yana da ɗan shago a unguwar Chow Kit, yana nema wa ɗalibai gidan haya, yana aika musu kaya gida, kuma bakinsa bai san "babu" ba. Duk abin da aka tambaye shi sai ya ce "boleh", wato zai yiwu, daga baya ya zauna yana tunanin ta yaya. Shekara shida da auren, Ɗelu ba ta taɓa kiran sunansa ba, shi kuma bai taɓa ganin ta tana kai loma baki ba. A Ringim wannan ba wahala, gida da faɗi. Amma a ɗaki uku da falo ɗaya sai abin ya zama aiki. In ya yi sallama ta shige ɗaki. In za ta fito ya tuna yana da waya a baranda. Da safe ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe da labule, labule ya amsa. Duk wata magana da ta wuce gaisuwa, ta bakin Hasanatu take bi.

Ranar suna matan ɗalibai da na malaman jami'a suka cika falon, aka ci aka sha, aka zauna ana kallon juna kamar ɗakin jiran likita. Ɗelu kuwa shekara talatin tana jan kiɗan ƙwarya a bukukuwan unguwarsu, wannan shirun ya fi ƙarfinta. Ta ciko daro da ruwa, ta kife masakin a kai, ta ɗauko ludayi biyu. Kafin a ce me, matan da ke ta Turanci da juna sun ɗaure gyale a ƙugu, har mai gadin ginin ya hawo ya ce a rage. Wata ta ɗauka a waya. Hoton ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har ya faɗa hannun wata Puan Rufaida, mai shirya wasanni ga babbar ƙungiyar makaɗan ƙasar, waɗanda ke haɗa wani wasa da makaɗan gargajiya na ƙasashe daban-daban. Ta nemi mai gidan da aka yi kiɗan, wato Mansur. Kun san abin da ya ce mata.

Ya dawo ya tsaya a falo, ya ɗaga murya yana yi wa matarsa bayani, ƙofar ɗakin Inna a buɗe rabi. Makaɗa tamanin. Zaure mai cin mutum fiye da dubu a kusa da tafkin Titiwangsa. Gwaji biyu, wasa ɗaya, ranar Lahadi da ƙarfe uku. Har an buga sunan Inna a takarda.

Hasanatu ta shigo ta maimaita abin da uwar ta riga ta ji.

"Da wace ƙwaryar?" in ji Ɗelu.

"Inna, ai kin san babu ƙwarya a ƙasar nan. Sai dai masakin."

Ɗelu ta gwada robar wanki, ta ce ɗaf-ɗaf kamar ana dukan katifa. Ta gwada kwanon silba, ya yi mata ƙarar makera. Ta zauna ta yi tagumi. Ya za a yi suruki ya ba da baki a gaban baƙi, uwar matarsa ta kunyata shi? Ta ce, "Ki ce masa to. Amma da la'asar masakin nan yana gida, yarinya ba za ta rasa wankanta ba."

Ranar gwajin farko Hadiyya na da kwana talatin. Mai jego ba ta fita, don haka daga Ɗelu sai suruki a motar haya, shi a gaba, ita a baya rungume da masaki, kowa na kallon tagarsa. Kuma shi ne tafinta! Sai suka samo dabara. In an faɗi abu da Turanci, Mansur ya dubi bango ya ce, "An ce a zauna a nan." Ɗelu ta dubi daro ta ce, "An ji."

Ɗakin gwajin ƙato ne, sanyi kamar cikin randa. Ɗelu ba ta taɓa ganin makaɗa irin waɗannan ba. Kowa da takarda a gabansa yana leƙawa, sai ka ce masu jarrabawa, ga wani siririn mutum a tsaye yana kaɗa musu ɗan tsinke. Ba mai murmushi, ba mai motsa kafaɗa. Da aka zo neman inda za a ajiye ta, masu gogen Turawa suka ga daron ruwa suka rungume gogunansu, wai ɗigo ɗaya zai lalata katakon. Aka yi ta shawara, daga ƙarshe aka kai ta can baya, gaban wasu ƙarti huɗu masu busa ƙahon tagulla mai naɗe-naɗe kamar hanjin rago. Su, an ce, ruwa bai dame su ba. Puan Rufaida ta manna farar alama a ƙasa, ta ce nan daro zai zauna, saboda na'urar ɗaukar sauti.

Babban masu ƙahon, wani mai furfura da ake kira Adnan, ya sunkuyo ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Mak cik."

"An ce gwaggo," in ji Mansur, yana kallon bango.

Har da ba ta wani koren alkaki a takarda. Ɗelu ta ji mutumin ya kwanta mata. Ta ce a ranta, ashe akwai 'yan mutunci.

Aka fara. Gaskiya kiɗan da daɗi, musamman in ƙahonin nan suka shigo, har tsikar jikinta ta tashi. Sai suka kai inda za su huta. Adnan ya zare wani ɗan lanƙwasasshen bututu daga jikin ƙahonsa, ya juya shi, ya karkaɗe. Ruwa ya zubo, tsul, a kan katakon da ya fi farantin amarya sheƙi. Ɗelu ta zaci idonta ne. Na kusa da shi ya juya nasa ƙahon gaba ɗaya, sau biyu, ya tsiyaye. Na uku ya hura, fuu, ya fesar. Na huɗu ma haka. Suka mayar da bututu, suka gyara zama, ko a jikinsu.

A'uzubillahi! Yawu! Manyan mutane da furfura da agogo, a cikin ɗaki, a gaban mata, kuma ba wanda ya ko ɗaga kai. Ɗelu ta dubi koren alkakin da ke cinyarta, ta tuna hannun da ya miƙo shi, ta ture shi ƙasan daro da gefen ludayi. Taku uku ne tsakanin tabon yawun da masakinta. Ta sa ƙafa ta ja daron gaba. Puan Rufaida ta taho da murmushi ta mayar da shi kan alama. Ta sake ja. Aka sake mayarwa. Da mai tsinke ya nuna ta, ta yi kiɗan, makaɗan suka bubbuga ƙafa a ƙasa don yabo, ita kuwa ƙafafun take kallo, tana ganin abin da suke takawa.

A gida ta rufe ƙofa ta zayyana wa Hasanatu. Yarinyar nan ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta duba waya ta ce, "Inna, ba fa yawu ba ne. Sun ce tururin numfashi ne yake taruwa a cikin ƙarfen."

"Daga ina tururin ya fito?"

"Daga bakinsu."

"To."

"Kuma ko yawun ne, ai malamai sun ce ba najasa ba ne."

"Na ce miki najasa? Ƙazanta na ce! Ke in na tofa miki a kunu, sha za ki yi don ba najasa ba ne? Ruwan masakin nan bakin 'yarki yake shiga. Ki faɗa wa baban yarinyar nan a ɗauke ni daga gaban mutanen nan, ko bayan ƙofa ne a kai ni."

Hasanatu ta ce to. Amma da ta je gaban mijinta, ta ga yadda yake ta murna, yana cewa daga wannan wasan ƙofofi za su buɗe masa, sai maganar ta yi mata nauyi. Ta ce masa uwarta na ƙyamar makaɗan ƙasa guda? Ya je ya faɗa wa baƙi haka, su ce an kawo musu 'yar ƙauye? Sai ta sassauta. Ta ce, "Inna ta ce wurin zaman bai yi mata daɗi sosai ba." Shi kuma da ya kira Puan Rufaida ya ƙara sassautawa.

Ranar gwaji na biyu Ɗelu ta tarar da daronta a kan farar alamar nan, bai gusa ko da ɗan yatsa ba. A gefensa an ajiye mata matashi mai zaren zinariya.

Ta tsaya tana kallon matashin. Wato an faɗa masa, ya je ya roƙa, iyakar abin da ya samo ke nan. Haka ta fassara abin, tausayinsa ma ya kama ta. Ta zauna, ta kwance ɗan zanen da ta zo da shi ta lulluɓe masaki da daro gaba ɗaya, ba ta buɗe ba sai da tsinke ya nuna ta. Ta koma gida ta wanke masakin da gishiri da lemon tsami sau uku, zanen kuwa ta jefa shi a shara. Ta ce wannan dabarar za ta fisshe ta ranar Lahadi, saura wasa ɗaya a rabu lafiya.

Lahadi Hadiyya ta kwana talatin da biyar. Ɗelu ta yi mata wankan safe, ta ɗiga mata ruwa a baki, yarinyar ta yamutsa fuska ta haɗiye. Ta goge masakin ta naɗe. Mansur ya sha sabuwar shadda, har tana ƙara in ya motsa.

Babban zauren ba ɗakin gwaji ba ne. Kujeru jajaye hawa-hawa har sama, fitilu kamar rana, ƙasa ko ƙura babu. Nan Ɗelu ta ga abin da ba a gaya mata ba. A dandamalin wasa ba a daidai ake zama ba. Na baya an ɗaga su a kan dakali don a gan su, kuma kujeru huɗun masu ƙaho suna bakin dakalin, daf da gefe. Farar alamar tana ƙasansu, jingine da dakalin. Taku ukun nan babu su. Aka cika daro, aka kife masaki, aka saita na'ura. Ta ciro sabon zane za ta rufa, Puan Rufaida ta karɓe shi da ladabi tana magana.

"An ce ba a rufewa," in ji Mansur. "An ce masu ɗaukar hoto na son a ga ƙwaryar tun daga farko. An ce in an fara ba a tashi, ba a magana, ko tari ba a so."

Ka ji fa. Tari haramun, yawu halal.

Wataƙila ya ga wani abu a tsayuwarta, don sai ya matso, ya tsuguna nesa kaɗan, ya sunkuyar da kai. "Ko akwai abin da ake buƙata?"

Puan Rufaida na tsaye tana jira. Ma'aikata biyu na tsaye. Maganar ta zo wa Ɗelu har bakin haƙori. Amma ta yaya? Mace mai shekara sittin da biyar ta buɗe baki ta yi wa mijin 'yarta zancen yawu, ido da ido? Kuma abin da ya riga ya roƙa aka hana shi, ta sake tayar masa da shi a gaban mutanen, ranar da ya sa sabuwar riga, don ya san bai isa ba? Ta dubi daro.

"Ba komai," ta ce.

Jama'a suka shigo suka zauna tsit, kamar zaman makoki. Makaɗa suka fito cikin baƙaƙen kaya. Adnan ya hau dakali, ya leƙo ta daga sama ya yi mata murmushi, ya zauna. Takalminsa na dama yana daidai kunnenta. Nata kiɗan sai can ƙarshe, bayan wata 'yar Koriya mai molo kwance da wani Ba'indiye mai ganguna biyu. Kusan rabin awa za ta yi a zaune, hannu a cinya, fitila a fuska, mutum dubu na kallo.

Ƙahoni suka yi busarsu ta farko suka sauke. Ɗelu ba ta waiwaya ba, ta san ƙarar zare bututun. Adnan idonsa na kan takarda, yana bin inda aka kai, hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara talatin: ya miƙa gefe ya karkaɗe. A ɗakin gwaji ƙasa ce a wurin. Yau masaki ne.

Ɗis. Ɗis-ɗis.

A kan bayan ƙwaryar ya sauka. Ta ga ɗigon yana sheƙi a fitila, ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya gangara a hankali, ya bi ta kan ɗinkin gyartai, ya shige ruwa. Ɗelu ta kawar da kai. Na biyun ya juya nasa ƙahon, feshin ya taɓa mata wuya, da ɗuminsa. Wayyo Allah, da ɗuminsa! Ta runtse ido tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Ta hango Mansur a gefen labule, taku goma, yana washe baki yana ɗaukar ta a waya. Suka sake busa, suka sake saukewa, suka sake zubarwa. Ba mugunta suke yi ba, ko sanin tana wurin ba su yi a lokacin, kuma wannan ya fi ƙona mata rai. Kiɗan kuwa sai ƙara daɗi yake, wata mata a layin gaba har da share hawaye.

Ƙwarya ba roba ba ce. Ƙwarya tana shan abin da ya taɓa ta, shi ya sa ta nono take ƙanshin nono har ta mutu. Wannan ta sha ruwan wankan mutum ashirin na gidansu, yau ga abin da take sha. Ɗelu ta san kanta sarai. In ta koma da masakin nan gida lafiya, za ta wanke shi da gishiri, ta wanke da lemo, ta shanya, ta ce ai ya fita. Zuciyarta ba za ta bari ta yar da kayan uwarta ba. La'asar na yi za ta ga kwana biyar kacal suka rage, ta zuba ruwan ɗumi, ta sa jaririya a ciki. Hannunta kuma zai ɗebo ruwan ya kai bakin yarinyar kafin ta tuna, yadda hannun mutumin nan yake yi.

Tsinke ya nuna ta.

Ta ɗauki ludayi. Dukan farko ruwan ya fantsalo mata a hannu, ta ji kamar ta yanke hannun ta yar. Ta ci gaba. Masakin ya amsa da muryar nan tasa mai zurfi, wadda ke sa tsofaffi su ajiye sanda, ta cika zauren har sama. Goguna suka biyo ta, ganguna suka biyo ta. Ba ta taɓa yin kiɗa irin na ranar ba, don haushi ne ke kaɗawa. Mai tsinke ya ware ido, ya saki takardarsa ya bi ta. Da aka zo gaɓar ƙarshe, inda kowa zai buga tare a tsaya, Ɗelu ta ajiye ludayin hagu, ta juya na dama ta kama shi ta kai, ta nemi ɗinkin gyartai, inda ta san nan ne rauninsa. Ta ce bismillahi. Ta sauke gindin ludayin da duk ƙarfin da Allah ya ba ta.

Masakin ya dare gida uku. Ruwa ya yi tsalle har kan takalman masu ƙaho.

Zauren ya fashe da sowa. Mutanen nan da ko tari ba sa yi suka miƙe tsaye suna tafi suna ihu. Mai tsinke ya zo ya nuna ta da hannu biyu. Ita kuwa tana zaune, ta ware hannuwanta nesa da jikinta, tana neman inda za ta ga famfo.

A bayan dandamali ta wanke hannu da wuya har fatar ta yi zafi. Tana fitowa ta tarar da Adnan yana jiran ta, riƙe da ɓallin da ke da ɗinkin, ya tsamo shi daga daro ya goge da hankicinsa. Ya miƙo mata da hannu biyu, idonsa ya yi ja, yana ta magana a hankali.

"An ce ba a taɓa jin irin wannan ba," in ji Mansur. "An ce an yi baƙin cikin fashewar."

Ɗelu ta mayar da hannuwanta baya. Mansur ya yi sauri ya karɓa ya sa a aljihu.

La'asar sakaliya suka iso gida. Hasanatu ta riga ta dafa ruwa, Hadiyya na ta tsala kuka. Ta dubi hannun uwarta ta ce, "Inna, ina masakin?" Ɗelu ta wuce ɗaki. Daga falo ta ji suruki ya ɗaga murya yadda ya saba, yana ba matarsa labari, baki har kunne. An yi tafi minti biyar. Puan Rufaida ta ce fashewar nan ita ce ta fi burge kowa. Suna so a maimaita wasan wata mai zuwa, ko za a aiko da ƙore daga gida, kamar guda shida, a riƙa fasa ɗaya kowane wasa. Shi dai ya ce musu boleh.

Ɗelu ta ɗaga labule ta fito. Ta tsaya a tsakiyar falon, ta dube shi a ido.

"Mansur."

Wayar hannunsa ta kusa faɗuwa. Ya zube a ƙasa. Hasanatu ta dafe baki.

"Yawu ne. Yawun ƙarti huɗu ya yi rabin awa yana zuba a masakin da nake wanke 'yarka. Na aiko a gaya maka tun ranar farko a ɗauke ni daga gabansu, ka kawo mini matashi."

Ya dubi matarsa. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane. Mansur ya juyo wajen Ɗelu.

"Wallahi Inna ban sani ba. Cewa aka yi wurin zama. Ai da na ji, magana ɗaya ce. Ɗazu ma da na tsuguna, matar nan tambaya ta sa na yi, ko a matsar da daron gaba, don ta ga ya matse da dakalin. Ta ce wayar na'urar tana da tsawo. Taku biyu ne, Inna. Na ce mata an ce ba komai."

Ɗelu ta tsaya. Duk ƙyamar da ta kwaso tun daga bakin lif, ta duriyan, ta bayi, ta masu ƙaho, ta tattaru ta dawo mata kan harshenta, wanda ya iya faɗa da ma'aikatan jirgi amma ya kasa furta kalma ɗaya a inda take da amfani. Tir, ta ce, ba ta kuma san da wa take ba.

Mansur ya ciro ɓallin daga aljihu ya ajiye a gabanta a hankali. Ta dubi ɗinkin. Tana yarinya aka yi shi, tana tsaye a zaure riƙe da zanen uwarta, gyartai na huda ƙwaryar da basilla.

"Kai shi shara," ta ce. "Ka wanke hannunka da sabulu kafin ka taɓa yarinyar nan."

Ruwa na hucewa. Hasanatu ta ɗauko koriyar robar wanki, wadda suka saya a shagon ƙasan gini, ta ɗauraye ta zuba. Ɗelu ta zauna a kujerar tsuguno, ta karɓi jikarta ta sa a ciki. Yarinyar ta yi ta zamewa, robar ba ta san yadda ake riƙe jariri ba. Ta wanke mata kai, ta wanke wuya, ta miƙe mata hannuwa da ƙafafu. Sai ta ga tafin hannunta ya riga ya ɗebo ruwa, ya kai rabin hanya. Hadiyya ta daina kuka, ta buɗe ɗan bakinta tana jira, yadda ta saba kwana talatin da biyar.

Ɗelu ta kai ruwan hancinta. Warin roba da omo. Ta buɗe yatsunta ya zube, ta ce wa Hasanatu ta miƙo tawul.